Shekara 13 a aljihun tebur: abin da tsofaffin takardu ke faɗa kan fim ɗin Wajda, "Mutumin Marmara"

Watan Maris na 2026 shi ne cikar shekara 100 da haihuwar Andrzej Wajda, daraktan nan ɗan ƙasar Poland da ya rasu a Oktoban 2016, kuma duk sanda aka taso da maganarsa to sai an ambaci fim ɗinsa Człowiek z marmuru, wato Mutumin Marmara, wanda ya fita a 1977. Inda mutane ke rikicewa shi ne, wani zai ce maka gwamnatin kwaminisanci ce ta hana fim ɗin, wani kuma ya ce ai gwamnatin ce ta ba da kuɗin yin sa, kuma abin mamaki dukkansu gaskiya suka faɗa. Kallon fim ɗin kaɗai ba zai warware maka wannan ba, sai ka leƙa takardun da aka bari a baya, kuma takardun nan ba a wuri ɗaya suke ba, ba kuma bakinsu ɗaya ba.

Me ake nufi da kayan taska a harkar fim?

Idan aka ce taskar fim yawancin mutane faifan fim ɗin ne ke faɗo musu a rai, amma shi faifan kaso ɗaya ne kawai. Akwai rubutun labarin tun daga kwafin farko har wanda aka shiga lokeshin da shi, akwai littattafan da darakta ke rubuce-rubuce da zane a ciki, akwai wasiƙu tsakanin kamfani da ma'aikata, hotunan gwajin 'yan wasa, lissafin kuɗi, guntayen fim da aka yanke aka ajiye, sannan a ƙasa irin Poland ta wancan zamanin akwai ƙarin wani tari da babu shi a ko'ina, wato takardun kwamitocin gwamnati da na 'yan tace labarai da na 'yan sandan ciki.

Kalmomi uku ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko scenariusz, shi ne labarin a rubuce kamar yadda marubuci ya tsara. Na biyu scenopis, wanda darakta da mai kyamara ke fasa labarin su mayar da shi ɗauka-ɗauka, ina kyamara za ta tsaya, wa zai shigo daga ina, mita nawa na faifai za a ci. Na uku kolaudacja, shi kuma zama ne da ake yi bayan an gama fim, jami'an ma'aikatar al'adu da 'yan jam'iyya da wasu marubuta da daraktoci su kalla a ɗaki guda sannan kowa ya tofa albarkacin bakinsa, a yanke ko fim zai fita, ko sai an yanke wani wuri, ko a jefa shi kan kanta ya yi ta shan ƙura. Ana rubuta abin da kowa ya faɗa a irin wannan zama, kuma da yawa daga rubuce-rubucen suna nan har yau.

Su waɗannan kaya a warwatse suke. Takardun Wajda na kansa suna gidan tarihi na Manggha a birnin Krakow, gidan da shi da matarsa Krystyna Zachwatowicz suka assasa da kuɗin kyautar Kyoto da ya samu a 1987, aka buɗe shi a 1994. Faifai da takardun shirya fina-finai suna taskar fina-finai ta ƙasa a Warsaw, wadda tun 2017 ake kiranta FINA. Fayilolin hukumar tace labarai, wadda ofishinta ke titin Mysia a Warsaw har aka rushe ta a 1990, suna wata taskar gwamnati mai suna Archiwum Akt Nowych, na 'yan sandan ciki kuma suna hannun IPN, cibiyar gwamnati mai adana tarihin ƙasa, waɗannan biyun ma a Warsaw suke.

Labarin da ke cikin fim ɗin, a taƙaice

Wata ɗalibar makarantar fim ce mai suna Agnieszka, a shekarun 1970, take son yin fim ɗin kammala karatu a kan wani birkila, Mateusz Birkut, wanda a farkon shekarun 1950 gwamnati ta ɗaga shi sama a matsayin gwarzon ma'aikata bayan shi da 'yan tawagarsa sun jera bulo sama da dubu 30 a aikin yini ɗaya a Nowa Huta, sabon garin da aka fara ginawa a 1949 a gefen Krakow saboda masana'antar ƙarfe. An manna hotonsa a bango, an sassaƙa masa mutum-mutumi na marmara, daga baya wani ya miƙa masa bulo mai zafi a wajen nuna gwaninta hannuwansa suka ƙone, aka ɗora laifin a kan abokinsa Witek, shi kuma da ya tsaya kai da fata wajen kare abokin sai shi ma ya ƙare a kurkuku, aka sauke hoton, mutum-mutumin ya koma sito. A wannan siton na gidan tarihi Agnieszka ta same shi kwance a bayan ragar waya.

To ka ga ke nan shi kansa fim ɗin labarin mai tonon taska ne, yarinya tana zaune a ɗakin kallo ana saka mata tsofaffin faifan da aka hana fitarwa.

Daga 1963 zuwa 1976

Abu na farko da takardu suka tabbatar shi ne labarin ya girmi fim ɗin nesa ba kusa ba. Aleksander Ścibor-Rylski ne ya rubuta, kuma an buga rubutun a jaridar mako-mako ta Kultura da ke Warsaw a 1963, wato duk mai so zai iya zuwa ya ɗauko wannan bugun ya ajiye kusa da fim ɗin 1977 ya gwada. Wajda ya sha faɗin cewa asalin abin wani ɗan labari ne da Jerzy Bossak, tsohon mai fina-finan gaskiya, ya ba shi, na wani birkila da ya yi suna a baya ya je ofishin neman aiki a Nowa Huta aka ce masa yanzu ma'aikatan ƙarfe ake nema ba magina ba. Akwai kuma mutum na gaske, Piotr Ożański, birkilan Nowa Huta da ya kafa tarihin jera bulo kuma shi ma aka taɓa miƙa masa bulo mai zafi.

An yarda a buga labarin a jarida amma ba a yarda a ɗauki fim ɗinsa ba, kuma wannan ba saɓani ba ne a tsarin lokacin, domin jaridar adabi mutum nawa ne ke karantawa, sinima kuwa ta kowa da kowa ce. Sannan a Poland ta lokacin babu furodusa mai zaman kansa da za ka je ka lallaɓa, tun 1955 masu fim suna aiki ne a rukuni-rukuni da ake kira zespoły filmowe, kowane rukuni da babban darakta a kansa, amma kuɗi da faifai da kyamara da gidajen sinima duk na gwamnati ne. In minista bai sa hannu ba to ko mita ɗaya ba za ka ɗauka ba. Shi ya sa maganar "gwamnati ta hana" da "gwamnati ta biya" duk daidai ne, hannun da ke bayarwa shi ne ke hanawa.

Aka yi shekara 13 ana nan, sai a farkon 1976 ministan al'adu Józef Tejchma, wanda kuma mataimakin firaminista ne a gwamnatin zamanin shugaban jam'iyya Edward Gierek, ya amince. Wajda a lokacin shi ke jagorantar rukunin da ake kira X, wanda aka kafa a 1972, kuma bai tsaya ɓata lokaci ba, a cikin shekarar aka ɗauki fim ɗin.

Ga inda gwada kwafi da kwafi ke da amfani. A 1963 tazarar da ke tsakanin mai bincike da zamanin Birkut shekara goma ce kacal, kusan sa'o'in juna ne, amma a 1976 tazarar ta haura shekara ashirin, sai labarin ya koma na 'ya'ya suna tuhumar iyaye, me kuka yi, me ya sa ba ku gaya mana ba. Krystyna Janda da ta fito a Agnieszka an haife ta a ƙarshen 1952, wato shekararta goma lokacin da aka buga labarin, Jerzy Radziwiłowicz da ya fito a Birkut kuma 1950 aka haife shi. Da an yi fim ɗin a kan lokaci da babu ko ɗayansu a ciki, kuma wannan rawar kai da saurin tafiya da taba a baki na Janda, wanda shi mutane suka fi tunawa, da bai samu ba. Sai babban abu, rubutun 1963 ba yadda za a yi ya san da abin da zai faru a Disamban 1970.

Fitowar maƙabarta da aka cire

A Disamban 1970 gwamnati ta ƙara kuɗin abinci ana dab da Kirsimeti, ma'aikatan ƙera jiragen ruwa a Gdańsk da Gdynia da Szczecin suka fito, sojoji da 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum sama da 40 suka mutu, an binne wasu da daddare a ɓoye, kuma abin ya ci kujerar shugaban jam'iyya Władysław Gomułka. Shekaru bayan haka maganar ba ta faɗuwa a bainar jama'a.

Wajda ya ɗauki wata fitowa inda Agnieszka ke neman kabarin Birkut a maƙabarta ba ta samu ba, abin da ke nuna ƙarara cewa yana cikin waɗanda aka harbe. Wannan fitowar ba ta kai ga 'yan kallo ba, cire ta na cikin farashin da aka biya kafin fim ya fita ranar 25 ga Fabrairun 1977. Abin da ya rage shi ne Agnieszka ta sami ɗan Birkut, Maciej, a ƙofar masana'antar jiragen ruwa ta Gdańsk, ya ce mata mahaifinsa ya rasu, shi ke nan, ba yaushe ba ta yaya.

Masu nazari sun rabu a nan. Wasu na ganin almakashin hukuma ya raunata ƙarshen fim ɗin, an bar shi da rami, ɗan kallo daga wata ƙasa ba zai taɓa gane me ya kashe mutumin ba. Wasu kuma na cewa ɗan Poland na 1977 da ya ga ƙofar masana'antar nan ba ya buƙatar a yi masa bayani, shirun ma ya fi magana ƙarfi tunda kowa a cikin sinima ya san abin da ba a faɗa ba kuma ya san dalilin rashin faɗar. Takarda ba za ta raba wannan gardama ba, iyakarta ta nuna cewa shirun ba daga zaɓin marubuci ya faro ba. Kuma abin da aka cire bai mutu ba, a 1981 bayan yajin aikin Agustan 1980 da kafuwar ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność, Wajda ya yi ci gaban labarin, Człowiek z żelaza, Mutumin Ƙarfe, inda aka faɗi ɓaro-ɓaro cewa harbe Birkut aka yi a 1970, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a shekarar, shugaban ƙungiyar Lech Wałęsa ma ya fito a ciki da kansa.

Faifan gaske da faifan ƙirƙira

Wani wurin da ɗan kallo ke ruɗewa shi ne tsofaffin hotunan baƙi-da-fari da Agnieszka ke kallo. Wasu na gaske ne, daga labaran sinima na gwamnati da ake kira Polska Kronika Filmowa, waɗanda ake nunawa kafin a fara fim tun daga 1944 har 1994, wasu kuma Wajda da mai kyamararsa Edward Kłosiński ne suka ɗauka a 1976 suka yi musu shigar tsofaffi, aka saƙa su cikin juna har ba ka gane inda ɗinkin yake. Sai wanda ya je taska ya ɗauko ainihin faifan zai iya cewa wannan daƙiƙar ta 1950 ce waccan ta 1976 ce.

Akwai wani ɗan abu kuma da sai mai lura, a jerin sunayen da ke jikin fim ɗin farfagandar ƙirƙira da ke cikin labarin, wanda wai wani darakta Burski ya yi, an rubuta sunan Andrzej Wajda a matsayin mataimakin darakta. Wato bai cire kansa daga laifin zamanin ba. Shi ma Ścibor-Rylski a 1950 ya wallafa littafin Węgiel a kan masu haƙar kwal, irin adabin yabon ma'aikata da jam'iyya ke so, don haka mutanen da suka tona asirin yadda ake ƙera gwarzo sun san aikin ne daga ciki.

Wace takarda za a yarda da ita?

A nan ne ainihin saɓanin yake. Ɓangare na farko sun fi dogara da kayan darakta. Wajda zane ya fara karanta a kwalejin zane-zane ta Krakow kafin ya koma makarantar fim ta Łódź, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana yawo da littafin rubutu yana zana fuska da tsayuwar kyamara yana rubuta abin da ya faru a yini, to su a wurinsu nan ne za ka ga tunani tun yana ɗanye. Masu suka kuma sai su ce mutumin da ya san shi babba ne ya san wata rana za a karanta littafinsa, sannan a ƙasar da 'yan sandan ciki za su iya bincike gidanka ba komai kake rubutawa ba, kuma dogaro da taskar mutum ɗaya yana sa a manta da marubuci da mai kyamara da mai editin da 'yan wasa, waɗanda ba su bar akwatuna masu yawa kamar nasa ba.

Ɓangare na biyu sun fi son takardun hukuma saboda suna da kwanan wata da sa hannu kuma an rubuta su a lokacin da abin ke faruwa. Matsalarsu ita ce zaman kolaudacja shi kansa wasan kwaikwayo ne, darakta zai tashi ya rantse cewa fim ɗinsa gyara yake nema wa tsarin gurguzu ba rushe shi ba, abokinsa a kwamiti zai soki wani ƙaramin abu da gangan don a bar babban, jami'i kuma zai yi ta faɗa don a rubuta cewa ya yi faɗa. Wanda ya ɗauki kalaman nan a yadda suke zai fahimci abin a baibai. Ga kuma umarnin da aka bayar ta tarho, wanda ba ya barin sawu ko kaɗan.

Sai littafin tunawa na shi minista Tejchma, wanda yake rubutawa kullum a lokacin kuma aka buga a 1991. Yana nuna cewa a cikin jam'iyyar ma ba baki ɗaya ba ne, akwai masu ganin a bar fim ɗin ya fita akwai masu ganin ganganci ne, kuma shi ya rasa kujerar ministan al'adu a farkon 1978. Amma dai an buga shi ne bayan tsarin ya faɗi, lokacin da kowane tsohon jami'i ke son a tuna da shi a matsayin mai sassauci, dole a karanta shi da wannan a zuciya.

Fayilolin 'yan sandan ciki su ne suka fi jan hankali kuma su ne suka fi haɗari, domin mai kai rahoto yana iya ƙara gishiri don a biya shi, jami'i yana iya kumbura aikinsa don ogansa ya yaba, sannan an ƙona da yawa a ƙarshen 1989 da farkon 1990, abin da ya tsira ba lallai shi ne mafi muhimmanci ba. Game da hukumar tace labarai kuwa an yi sa'a, wani ma'aikacinta a Krakow, Tomasz Strzyżewski, ya kwafe umarnin sirri ya gudu da su Sweden a 1977 aka buga a Landan, tun daga nan aka san yadda ake ba jaridu umarnin wa za a yaba wa za a yi shiru a kansa. Abin da ya sami Mutumin Marmara ke nan, an bar shi ya fita amma aka taƙaita yabonsa a jaridu, a bikin fina-finan ƙasa na Gdańsk a 1977 bai sami kyautar hukuma ba sai 'yan jarida suka ba Wajda tasu kyautar, bulo guda, a kan matakala. A 1978 aka nuna shi a Cannes ya sami kyautar masu sharhin fim ta FIPRESCI.

Abin da mafi yawan masu bincike ke yi yanzu shi ne haɗa su duka, in littafin darakta da na minista da takardar kwamiti suka haɗu a kan abu ɗaya to an samu ƙasa mai ƙarfi, in suka saɓa kuma saɓanin kansa labari ne.

Ina ruwan wanda ba manazarci ba?

Na farko, kwafin da kake kallo. Duk sanda za a gyara tsohon fim a mayar da shi na kwamfuta sai an yanke shawara, wane launi ne na asali, wane tsawo, a mayar da abin da aka yanke ko a bar shi yadda 'yan kallon farko suka gani, kuma takardun nan ne ake dubawa. Mayar da fitowar maƙabarta cikin fim ɗin 1977 misali zai ba ka abin da darakta ya so, amma zai goge shaidar abin da aka yi masa.

Na biyu, iyalai. Fayilolin nan cike suke da sunayen mutane, wasu suna raye wasu 'ya'yansu na raye, kuma a Poland an sha rigima a kotu da jaridu kan wanda aka ce ɗan rahoto ne alhali takarda ɗaya ce tak ta ambace shi. Buɗe taska na taimakon tarihi, yana kuma iya ɓata sunan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Akwai kuma irin su Ożański, wanda rayuwarsa ta zama kayan labari amma Birkut na fim ba shi ba ne sak, takardu ne ke raba mutumin da wanda aka ƙirƙira.

Na uku kuɗi, faifai yana ruɓewa in ba a ajiye shi a ɗaki mai sanyi da ƙarancin laima ba, takarda na cin wuri, ma'aikata na son albashi, kuma daga aljihun masu biyan haraji ake fitarwa. Wannan ɓangaren mu ma ya taɓa mu, fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976 aka yi shi, shekarar da ake ɗaukar Mutumin Marmara, ya ɓace wa jama'a shekaru da yawa sai da aka gano faifansa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Jamus aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Bambancin shi ne a Poland yawan sa idon da hukuma ta yi ne ya tara takardu, kowane mataki sai an rubuta an buga hatimi an saka a fayil, don haka mai son sanin yadda aka yi fim ɗin Wajda yana da ƙofofi huɗu da zai ƙwanƙwasa, ɗaya a Krakow uku a Warsaw, sai dai kusan komai da harshen Poland yake, yawancinsa kuma sai ka je da ƙafarka ka cike fom ka jira a fito maka da akwatin.